Koyon Babur da Furfura a Panyu

Na zauna a Jidda, na zauna a Abijan, na yi shekaru ina kai da kawowa tsakanin Bombay da Dubai, kuma duk inda na je da abu biyu nake ci, ƙafa da ido. Ban taɓa zama mai jari ba. Aikina in isa inda ake ɗinka kaya ko rina su kafin a rufe kwali, in duba, in kira mai dukiyar da ke zaune a Kano in ce masa kayansa ne ko ba kayansa ba ne. Da wannan sana'a na shigo birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ta kuma riƙe ni da mutunci shekaru masu yawa.

Da farko a unguwar Dengfeng nake, a wani ɗaki saman shagon waya. Da safe in bi jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan, da yamma in dawo in tarar da jama'a a gidan abinci, mutumin Kano da na Agadas da na Kumasi, kowa da irin Hausarsa, ana musu a kan farashin kwantena. Ban san daɗi nake ji ba sai da abin ya wuce. Waya ce ta fara cin sana'ar. Mai masana'anta, wanda a nan muke kira lauban, ya koyi ɗaukar bidiyo ya tura Kano kai tsaye. Mutanena suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba sallama, sai dai ka ga gaisuwa ta yi tsawo aiki bai biyo baya ba. Ƙarshe mutum ɗaya ya rage mini, Alhaji Garba na Kantin Kwari, wanda na yi wa hidima tun zamanin Dubai. Haya ta fi ƙarfina a Dengfeng, na kwashe kayana na koma Panyu, can kudu, inda ɗaki ke da araha amma sai ka wuni ba wanda ya amsa maka sallama.

Masana'antun da ke yi wa Alhaji yadi da mayafai da kayan yara ba a bakin tasha suke ba. Suna warwatse a ƙauyuka, bayan inda jirgi ya ƙare. Sai ka sauka ka jira bas, ka sauka daga bas ka taka. Motar haya kuwa in na riƙa ɗaukarta, ladan aikin gaba ɗaya a hannun direba zai ƙare. Wata rana na isa wata masana'antar mayafai na tarar babbar mota ta riga ta fita da kaya. Da suka isa Kano, launin da aka aika ba shi aka yi oda ba.

Alhaji ya kira ni, muryarsa a sanyaye.

"Malam Hamisu, ba faɗa zan yi ba. Amma akwai wani Bashir a nan wajenku, ya gama jami'a a can, yana da mota, Sinanci a bakinsa kamar su suka haife shi. Yarana sun dame ni da maganarsa. Ni ban so. Ka nuna mini daga nan zuwa kayan sallah kana iya isa ko'ina a kan lokaci, in samu abin da zan rufe musu baki da shi."

Na ce, "In Allah ya yarda, ranka ya daɗe."

Na ajiye wayar. In Alhaji ya sake ni, babu abin da zai riƙe ni a ƙasar nan, kuma babu abin da ke jirana a gida sai tabarmar ƙofar gida.

Na je Dengfeng na sami abokina Elhaji Lawali, mutumin Damagaram, mai aika takalma Nijar. Tsakaninmu wasan Kanawa da Damagarawa ne, ba ya raga mini, ba na raga masa. Na gaya masa babur zan saya, tun da masu batir ɗin da suka cika gari ba sa kai irin nisan da nake zuwa.

"Moto? Kai? Da wannan furfurar?" Ya ajiye kofin shayi. "Wallahi Kanawa ba ku da dama. In dai akwai riba, ko jimina aka ba ku sai ku hau."

"Yi mini shiru. Yaushe bawa ya fara ba ubangidansa shawara?"

"To ubangida, ka dai san an hana moto a cikin birni. Ranar da ka shigo da shi unguwar nan, ranar 'yan sanda za su raba ku."

"Ba nan zan zo da shi ba. Ƙauyuka zan bi, inda aka yarda."

"Ka taɓa hawa ma?"

Na ce masa tun kafin ya san hanyar Kano nake hawan babur. Gaskiya na faɗa, na yi shekaru a kan babur da ƙuruciya, daga Fagge zuwa Kwari, da buhu a baya. Ina ganin abu ne da ba a mantawa.

Shagon tsofaffin baburan yana gefen wani ƙauye, tsakanin masu walda da masu sayar da kifi. Na kwatanta wa mai shagon irin wanda nake so, irin namu mai doguwar kujera da ake zama a miƙe. Ya kaɗa kai ya ce meyo, wato babu. Masu lamba mai kyau wadda za a iya mayarwa sunana ba su da yawa, kuma a cikinsu wanda aljihuna ya kai guda ɗaya ne, wani ja, irin na tsere, an lulluɓe jikinsa da roba, gabansa kamar kan fara. Ya ce ƙaramin inji ne, na masu koyo, yara 'yan jami'a da shi suke farawa.

Na hau don in gwada zama. A Wagadugu na ga mata a kan babur a miƙe kamar suna kujerar falo, a Bombay na ga iyali guda a kan ɗaya, uwa tana shayarwa. Wannan kuwa ba a zama a kansa. Sai ka duƙa kamar mai ruku'u, ƙafafunka su koma baya, nauyinka ya sauka a wuyan hannu. Mai shagon ya tafa, ya ce na koma saurayi. Ya zuba mini shayi. Ni da na ƙare rayuwata ina gano aibin kayan mutane, ranar nan ban san inda ake dubawa ba. Na duba fenti, na duba madubi, na saurari ƙarar inji, na biya. Aka kawo mini shi a bayan ƙaramar mota.

Daga baya wani bakanike ya nuna mini ƙafar gaba ta taɓa lanƙwasawa an miƙar, tayoyin kuma sun bushe, baƙin mai aka shafa musu su yi ƙyalli. Na koma shagon. Mutumin da muka yi ciniki da shi lafiya lau, ranar nan Sinancina ya daina shiga kunnensa. Ya riƙa murmushi yana ɗaga kafaɗa har na gaji na fita. A Abijan da an yi ihu, a Jidda da an rantse da Allah, a nan murmushi aka yi mini. Na canza tayoyi da ƙafar gaba da kuɗin da na ware in aika gida.

Lasisi bai ba ni wahalar da na zata ba. Na shiga makarantar tuƙi, aka gwada idona, na yi jarrabawar rubutu a kwamfuta da Turanci, sannan aka riƙa sa mu zagaya sanduna a kan wani babur na makaranta mai sanyin hali kamar tsohuwar jaka. 'Yan ajinmu duk sa'o'in jikokina ne. Suna tsayawa kusa da ni su ɗauki hoto ba tare da sun tambaya ba. A zuwa na biyu na ci.

Ranar da na fara fito da jan babur ɗina, ban kai ƙarshen layinmu ba. Na saki kuloci yadda hannuna ya saba, abin ya zabura, na taka birkin ƙafa, bayansa ya sulale, sai ga ni a ƙasa yana kaina. Mutane suka ratse suka wuce. Wanda ya ɗaga mini shi wani tsoho ne siriri mai haƙoran taba, sunansa Wu, mai gadin wata masana'antar kujeru da aka rufe a kusa da gidanmu. Ya duba babur ɗin kafin ya duba ni, sannan ya nuna mini filin siminti na cikin masana'antar, fili mai faɗi, ba kowa sai karensa.

A hankali, da guntun Sinancina da hannaye, na gane labarinsa. Acaɓa ya yi a cikin birni shekaru da yawa, har aka hana babur, aka bar shi da iyawar da ba mai saye. Na ce masa a garinmu ma an yi haka. Ya yi dariya mara daɗi ya tofar da yawu.

Kullum da sassafe, kafin rana ta yi zafi, sai ya jera gwangwanayen fenti a filin ya zauna a kan wata karyayyiyar kujera da sandar gora a hannu. Abin da ya fi ba shi haushi ƙafata ta dama. Mu a Kano tsoron birkin gaba muke, tun muna yara aka gaya mana shi ke wuntsila mutum, wasu ma in ya lalace ba sa gyarawa. Shi kuwa wannan babur, kusan duk tsayuwarsa a gaba take. Duk lokacin da na zo tsayawa na danna ƙafa, sai in ji gora a kan takalmina.

"Hannu!" in ji Wu. "Hannu, a hankali, kamar kana matsa lemo."

Sai kuma ido. Ina kallon gwangwani don kada in buge shi, sai in tafi kai tsaye in buge shi. Wu ya tashi ya kama hular kwanona da hannu biyu ya murɗa kaina gefe.

"Can za ka, can za ka kalla. Me gwangwani ya yi maka?"

Na faɗi a filin nan har na daina jin kunyar kare. Da daddare wuyan hannuna da bayana su hana ni barci, in shafa wani jan mai mai yaji da Wu ya ba ni. Koyon sabon abu da tsufa ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce fitar da tsohon abu daga jiki. Kaina ya yarda da Wu tun makon farko, ƙafata ce ta ƙi yarda har wata ya juya.

Ban gaya wa iyalina ba. In maiɗakina ta kira ta ji ina nishi, sai in ce sanyin fanka ne. Ita kuma ta ba ni labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu, sunaye ina ji wasu ban ma san fuskokinsu ba. Wu ya lura ba na shan shayi a kofinsa, wanda yake zuba miya da komai a ciki. Bayan kwana biyu na ga sabon kofi a kan taga, da ledarsa. In lokacin salla ya same ni a filin, sai ya ɗaure karen a bayan ɗakin gadi ya share mini wuri a inuwa. Mutum biyu ne muka rage a wannan babban fili, kowa sana'arsa ta mutu ta bar shi, ɗaya yana koya wa ɗaya.

Saboda faɗuwa na sayi matsattsen wando mai kauri, da jaket mai ƙashi a kafaɗa da gwiwar hannu, da takalmi mai wuya. Wata Lahadi Lawali ya biyo jirgi ya zo dubana, ya same ni a cikinsu a filin Wu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ciki.

"La ilaha illallahu! Malam Hamisu, kai ne ko ƙaninka? Ina aka kai sauran yadin?" Ya zaro waya ya ɗauka. "Yau Kwari za ta sha kallo. Dattijon Kano a cikin fatar akuya."

"Lawali, don girman Allah."

"Sai ka ce ni ne ubangidanka."

"Ina da surukai a Kwari."

Ya dubi fuskata, ya ga ba wasa a cikinta. Ya goge hoton a gabana, ya zauna kusa da Wu suka sha shayi ba mai jin yaren wani. Da zai tafi ya ce, "Ka dai bi a hankali, Bakano. Ban da wanda zan zaga in ka mutu."

Sannu a hankali na fita titi. Na koyi cewa farin fentin da ke kan kwalta sabulu ne in an yi ruwa. Na koyi barin manyan motoci su wuce, da matse tanki da gwiwa in iskarsu ta buge ni, da rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba. Na bi ta gonakin ayaba da tafkunan kifi da ƙauyukan da ban taɓa gani ba sai ta tagar bas. Akwai safiyar da na sha wata doguwar kwana a gefen kogi, babur ɗin ya kwanta ya tashi ba tare da na yi tunani ba, na ji kaina ina dariya a cikin hula ni kaɗai. Na fara isa masana'antu kafin lauban ya gama karin kumallo. A wata masana'antar kayan yara na tarar an sa zif mai tsatsa, na sa aka farke aka sake. Alhaji ya kira ya ce madalla har sau biyu. Ya ce zai shigo da kansa kafin azumi, shi da babban ɗansa, mu haɗu a masana'antar yadi, su gani da idonsu.

Safiyar ranar na ɗauko jaket da wandon na shimfiɗa a kan gado, na tsaya ina kallonsu. Tunda nake da Alhaji Garba bai taɓa ganin ƙwaurina ba. Zan sauka a gabansa da gaban ɗansa, wanda aka haifa a idona, a cikin kayan da Lawali ya yi wa dariya? Na yi tunanin in riƙe riga in sa a can, amma babur ɗin ba shi da wurin ɗaura ko da leda, kuma a bakin ƙofa za su jira ni, ba zan tuɓe a gabansu ba. Na buɗe akwati na fito da babbar rigata ta shadda, ruwan toka, wadda nake zuwa idi da ita. Sau nawa na hau babur da babbar riga a Kano? Sai ka naɗe hannayenta a kafaɗa, ka tattara gindinta ka cusa ƙarƙashin cinya, ka zauna a kai. Haka ubana ya yi, haka na yi. Na sa hular kwano, na jefa zanna bukar a aljihu, na fita. Ban bi ta gaban Wu ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a babur ɗinmu na gida kana zaune a miƙe, nauyinka na danne rigar, sarƙa kuma tana cikin murfinta. A wannan kana duƙe, iska tana shiga ta wuya ta kumbura rigar kamar tanti, sarƙar kuma a buɗe take. Na yi nisa lafiya. Na fara hango rufin masana'antar daga kan wata gada sai na ji an fizge ni ta baya, ta hagu, kamar ƙato ya damƙi wuyan rigata. Tayar baya ta tsaya cik. Abin da na tuna bayan wannan ƙarar roba ce a kan kwalta, da sama tana juyawa.

Mutane suka taru da wayoyi. Wata mata mai sayar da rake ce ta ratso su ta buɗe laima a kaina, ta riƙe har motar asibiti ta zo, tana ta yi mini maganar da ban ji ko kalma ɗaya ba. Da almakashi aka raba ni da babur ɗin. Ƙashin kafaɗa ya karye, idon sawu ya tsage. Likita ya ce kada in yi tunanin taka ƙasa sai bayan sallah.

Washegari Alhaji ya zo asibiti da ɗansa da Bashir. Ashe jiyan, da suka gaji da jirana, Bashir ɗin ne ya zagaya da su. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kira ni Baba. Alhaji ya zauna a bakin gado ya riƙe hannuna mai lafiya, ya yi addu'a mai tsawo.

"Malam Hamisu, me ya kai ka hawan irin wannan abu da babbar riga?"

"Wajenka zan zo, ranka ya daɗe."

Ya sunkuyar da kai. Ɗansa ya duba agogo.

"Ka san kayan sallah ba sa jira," in ji Alhaji, ba tare da ya dube ni ba. "Masu masana'antun nan kai suka sani. Ko za ka kira su ka haɗa su da yaron nan, kafin ka warke?"

Dukanmu mun san abin da kafin ka warke ke nufi. Na ce a miƙo mini wayata. Bashir ya riƙe mini ita a kunne, na bi su ɗaya bayan ɗaya, mai mayafai, mai kayan yara, mai yadi, mutanen da na yi shekaru ina nema ina lallashi. Kowanne na ce masa ga ƙanena nan zai riƙa zuwa, ya karɓe shi kamar ni. Ba wanda ya yi musu. Da na gama na gaya wa Bashir wane lauban ne ke ɓoye kwalaye marasa kyau a tsakiya, da wanda ba a yi masa maganar aiki sai an sha shayi. Ya saurara da kyau, ya yi godiya.

Da za su tafi Alhaji ya karɓi wata leda a hannun ɗansa ya ajiye a kan ƙafata mai lafiya.

"Ga wannan, a ɗinka wata. Allah ya ba da lafiya."

Bayan fitarsu na jawo ledar da hannu ɗaya. Yadi goma ne, fari, daga kayan da aka je gani jiya. Ba wanda ya sa ni, amma na ga hannuna ya warware shi a kan bargo. Na ɗaga shi wajen hasken taga, na bi saƙar da ido, na murza bakinsa da yatsa, na ja shi a hankali kamu bayan kamu har ƙarshe, yana zubowa ƙasa ta gefen gado. Babu aibi ko ɗaya. Na ɗauki waya in gaya wa Alhaji, sai na tuna ba ni zai tambaya ba.